Gyara a Buhun Acha

Kwana uku kacal na yi ina koyon yadda ake fitar da kaya ƙasar waje, amma da ka ga yadda na dawo gida sai ka rantse shekara bakwai na kwashe a jami'a. A shekarar 2005 ne. Ina da shekara ashirin da bakwai, na gama difloma, ina zaman jiran aikin da ya ƙi zuwa. An yi mana bitar a zauren wani otal a cikin garin Jos, aka sallame mu da takardar shaida da wata baƙar jaka mai zif. Jakar nan ta sha wahala a hannuna. Ko shagon aski za ni sai na rataya ta, don kada mutanen unguwarmu ta Rikkos su manta da wanda suke zaune da shi.

Dalilin zuwana bitar kuwa Baba ne, mahaifina. Kakanmu haƙar kuza ta kawo shi Jos, amma Baba tun yana saurayi hatsi ya kama, daga baya ya tsaya a kan acha. Rumfarsa tana ɗan gaba da Tina Junction, tsakanin mai wake da mai manja. Bai yi boko ba. Ba mu da mota, kuma ɗakin da na girma a ciki yoyo yake yi duk damina. Abu ɗaya Baba ya tara a shekara arba'in na kasuwa, shi ne sunansa a wajen awo. Mudunsa a cike yake har yana zuba, kuma bai taɓa sallamar mai saye ba tare da gyara ba. Ko gwangwani ɗaya ka saya, sai ya sa hannu a buhu ya ɗebo ya ƙara maka. Mata sukan wuce rumfa uku su zo wajensa, wasu ko kallon awon ba sa yi, suna can suna hira da mai manja.

Akwai wata dattijuwa daga wajen Vom da take kawo wa Baba acha tun kafin a haife ni. Mama muke ce mata. Babbar 'yarta ta yi aikin jinya, ta tafi Turai, can ta buɗe ɗan shagon kayan abincin gida. Ni Anti nake kiranta. A daminar shekarar ta zo ganin gida, ta biyo rumfa gaida Baba, ta zauna a kan benci ta ce, "Baba Alhaji, mutanenmu a can har mafarkin gwaten acha suke yi. Ina son buhu sittin, kowane kilo ashirin da biyar, ya same ni kafin Kirsimeti."

Baba ya yi dariya ya ce, "Acha kam akwai, 'yata. Amma zancen takardu sai dai wannan." Ya nuna ni da haɓa. Anti ce ta ba ni labarin bitar, ta ce in je in koyo abin da kyau, don ita ba ta son abin da zai haɗa ta da hukuma.

Malamin da ya koyar da mu wani gajeren dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa. Ya bi da mu tiryan-tiryan. Da farko ka yi rajista a matsayin mai fitar da kaya. Sannan ka cike fom a banki, ka haɗa da takardar da ke nuna abin da ka sayar da wanda ka sayar wa. Akwai takardar jerin kaya, wadda ke faɗin yawan buhuna da nauyin kowanne. Akwai ta shaidar cewa hatsin ba shi da ƙwari ko cuta, da ta shaidar ƙasar da aka noma shi. Ta ƙarshe ita ce wadda masu jirgi za su ba ka bayan sun karɓi kaya. Amma magana ɗaya ya yi ta nanatawa har muka fara yi masa dariya a ɓoye. Ya ce, "Kada wanda ya rubuta nauyi sai ya ɗinke buhu ya ɗora a sikeli. Abin da ke cikin buhu shi za ka rubuta, ba abin da ke cikin kanka ba. Ko ya ragu ko ya ƙaru, duk laifi ne." Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi biyu a ƙasa.

Da na dawo, gida bai huta ba. In an kawo tuwo sai in fara bayani, ina jefa kalmomin Turanci waɗanda ni kaina ranar Litinin na fara jin su. Ƙannena mata suna zumɓura baki, mahaifiyata tana cewa in ci abinci tukuna. Baba kaɗai yake saurare na har ƙarshe, hannunsa a tsaye a bakin kwano. A kwanakin nan ne ya fara kirana Malam. Na ɗauka tsokana ce, sai na lura da gaske yake. Yakan ce wa maƙwabtansa a kasuwa, "Ku tambayi Malam, shi ya san dokar." Wallahi har yau in na tuna yadda nake gyara zama in ya faɗi haka, sai in ji kamar in rufe fuskata.

Achar sabuwar kaka ta shigo a makare. Mama ta tara mata a gidanta suna surfe, suna regewa, suna shanyawa, domin acha in ba a cire mata yashi ba, ba mai iya kai ta baki. Aikin ba ya son gaggawa, ni kuwa gaggawa ce ta cika ni. Ina so in aika wa Anti saƙo ta kwamfuta in ce takardu sun kammala. Ina so in ajiye su a gaban Baba da hatimin banki a jiki, mai wake yana kallo. Sai na ce a raina, ai ashirin da biyar ashirin da biyar ce, me za a jira? Na je wajen masu buga takardu, na sa aka buga buhu sittin, kowane kilo ashirin da biyar. Na kai banki, na bi layi kwana biyu, aka buga hatimi. Sauran takardun duk suka bi wannan adadi. A lokacin ko buhu ɗaya ba a ɗinke ba.

Ranar ɗinki muka tafi gidan Mama da sassafe, da sikelin da muka aro. An share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, acha tuli guda fara tas. Aikina shi ne in auna ashirin da biyar cif, in tura wa Baba buhun, shi kuma ya ɗinke da basilla. Mun kai wajen buhu na goma kafin na ɗaga kai na ga abin da yake yi. Kowane buhu ya iso gabansa, sai ya cika mudu ya juye a ciki, sannan ya kama ɗinki.

Na ce, "Baba, me ake ƙarawa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa. Ya ce, "Gyara mana. Yarinyar nan buhu sittin ta saya, Malam. In aika mata a shafe kamar wadda muka yi faɗa?"

Mama ta tafa hannu ta ce, "Alhaji ke nan! Ko Turai ne sai gyaransa ya je." Matan suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Fuskar Baba ta yi haske, ya ƙara cika mudun.

Ni kuwa na tuna maganar da na ja wa layi biyu a littafina. Ba zan ce ban sani ba, na sani sarai. Mudu ɗaya a buhu sittin, ai an haura buhu uku da babu su a takarda. Hanya biyu ce a gabana. Ko in ce Baba ya farke ɗinki ya kwashe gyaransa a gaban matan nan, ko in bar shi ya ƙara, mu sake aunawa, in koma banki in ce a sake mini takardu. Ta biyun ita ce daidai, kuma da na bi abin da aka koya mini tun farko, da ba wata matsala, sai kawai in rubuta abin da sikeli ya nuna. Amma bin ta yana nufin in buɗe baki in ce Malam ya yi aiki a baibai. Sai na ce wa kaina, wa zai tsaya auna buhun acha a Legas, inda ake loda manyan kaya? Na haɗiye maganar. Ban tsaya nan ba ma. Da na ga buhu yana kufce masa, ni na riƙe masa bakin buhun yana juye mudun.

Muka loda kaya a mota suka tafi Legas, wajen wani ejan, mai aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, da Anti ta haɗa mu da shi. Shi zai sa su a kwantena ɗaya da kayan wasu mutane. Kwana tara ina yawo da jakata ina karɓar gaisuwa.

A rana ta goma, bayan la'asar, ina zaune a rumfa, wayar salula ta yi ƙara. Waya ɗaya ce a gidanmu a lokacin, kuma a aljihuna take kwana. Ejan ne. Ya ce, "Oga, akwai matsala." Masu duba kaya sun ɗora buhu biyar a sikeli, kowanne ya haura abin da ke takarda, sai suka auna duka. Sun ware kayanmu gefe. Ya ce duk wanda ya rubuta ƙasa da abin da ya loda, ana ɗauka ɓoye wani abu yake yi, kuma sai an gyara takardu tun daga banki. Kwantenar ba za ta jira mu ba, masu sauran kayan ba su yi laifin komai ba. Mutanen nan aikinsu suka yi, ban taɓa ganin laifinsu ba.

Benci a cike yake a lokacin. Ga mai wake, ga mai manja, ga wasu dattawa biyu da suke zuwa hira. Duk sun ji rabin maganar, sun zuba mini ido. Tsoro ne ya kama ni, tsoron a gane ni. Sai na juya kan Baba, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ina magana ba.

Na ce, "To, ga irinta nan! Ga abin da gyaranka ya jawo mana. An ce maka kasuwar duniya irin ta bakin titi ce? An riƙe kaya a Legas, awo bai yi daidai da takarda ba. Abin da mutum bai sani ba ai sai ya bar wa waɗanda suka sani!"

Mai wake ya ce, "A'a, ɗana, a hankali dai. Mahaifinka ne fa." Baba yana riƙe da mudu, ya ajiye shi a kan buhu sannu a hankali, ya goge hannunsa a jikin riga. Bai yi fushi ba, kuma da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "To, Malam. Na yi kuskure. Yanzu yaya za a yi?"

Da bakina na faɗi cewa awo bai yi daidai ba, kuma wannan kalmar ce ta fita daga rumfar. Wa zai ji an riƙe kayan ɗan kasuwa saboda awo, ya kawo a ransa cewa ƙari ne ya yi yawa? Kafin Juma'a labari ya zagaya Rikkos cewa an kama buhunan Alhaji a Legas ba su cika ba. Wasu suka ce da ma, wa ya san abin da ake yi da gindin mudu. Mai wake ya yi ta rantse-rantse yana gyara maganar, amma mutum nawa zai bi gida-gida?

Ina zaune wata mata da ta fi shekara goma tana sayen acha a wajen Baba ta zo. Ya auna mata mudu uku. Sai ta buɗe jakarta ta fito da mudunta na gida, ta ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji, maigida ne ya ce in gwada." Baba ya ce, "Bismillah, gwada." Ya matsa mata ta auna a gabansa, ɗaya, biyu, uku, ga saura a ƙasan leda. Ta yi ta ba shi haƙuri, ya ce babu komai. Da ta tafi ya daɗe yana kallon titi. Ina da baki, ina da takardun a jakata da kwanan watan da ya nuna an buga su kafin ranar ɗinki. Na bar jakar a rufe.

Washegari da hantsi Baba ya ce in kira masa Anti. Na danna lambar na miƙa masa, na tsaya a gefensa ina jin muryarta ƙasa-ƙasa. Bayan gaisuwa ya ce, "'Yata, na kira ne in ba ki haƙuri. Kayanki ba za su same ki kafin Kirsimeti ba, kuma laifina ne. Yaron ya yi aikinsa daidai. Har hana ni ya yi, ni ne na yi taurin kai irin na tsofaffi. Kada ki ga laifinsa, kada kuma ki fasa ba shi aiki nan gaba."

Ban taɓa hana shi ƙarin nan ba. Shi ya sani, ni na sani, Mama da matan da suka yi dariya duk sun sani. Mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙarya a kan gwangwanin acha ba, ga shi ya shirga ta saboda ni, ina tsaye. Anti ta ce, "Haba, Baba Alhaji, wa ya ce ka yi mini gyara har Turai?" Ta ce ta riga ta yi wa mutane alkawari, amma za ta san yadda za ta yi. Sai ta ce a ba ni wayar.

Ta ce, "Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka yi haƙuri da shi, ka san mutanen da."

Ga dama ta zo har kunnena. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba komai, Anti."

Sati uku na yi a Legas ina gyara ɓarnar. A can na koyi aikin da gaske, ba a zauren otal ba. Na rubuta wasiƙar neman gyara, aka dawo da ni saboda ban haɗa da takardar sabon awo ba. Na samo ta, aka ce takardar lafiyar hatsin ta tsufa, sai an sake duba kayan. Na koyi zama a benci tun safe da fayil a cinya, na koyi karanta kowane layi sau uku kafin in sa hannu. Wani ma'aikaci mai furfura ya jera takarduna a tebur, ya duba kwanan wata, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ka rubuta nauyin nan kafin ka auna, ko?" Na ce e. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa gaskiya, baƙon da ba zan sake gani ba. Jakar nan mai zif kuwa a masaukina na bar ta da gangan. Kayan suka tashi a wata kwantenar, suka isa hannun Anti a ƙarshen Janairu.

A motar dawowa, tun daga Lokoja nake shirya abin da zan ce wa Baba. Zan same shi a rumfa, a gaban mai wake da duk wanda ke kan benci, tunda a gabansu na ci masa fuska. Zan ce ni na buga takardu kafin awo, ni na ga yana ƙari na yi shiru, ni na riƙe masa buhu. Na maimaita kalmomin har na haddace su.

Na iso da azahar, ko gida ban biya ba. Baba ya tashi tsaye ya tarbe ni, abin da bai taɓa yi ba, ya sa aka matsa mini a benci. Ya rame. Ya tambayi hanya, ya tambayi kaya, ya ce Allah Ya yi mini albarka da na fitar da shi kunya. Ina jiran ya rufe baki in fara, sai ga wata tsohuwa ta tsaya da ledarta tana son mudu biyu.

Baba ya auna mata biyu a cike. Hannunsa ya shiga buhu kamar yadda ya saba shekara arba'in, ya fito da acha cike da tafi. Sai ya tsaya. Tsohuwar ta buɗe bakin leda tana jira, acha tana tsiyaya ta tsakanin yatsunsa. Ya juyo ya dube ni, ya rage murya don kada ta ji.

Ya ce, "Malam, wannan na cikin gari ne. Babu laifi ko?"

Duk abin da na haddace ya gudu. Na ce, "Babu laifi, Baba." Sai da na faɗa sannan ya zuba mata.

Ban yi maganar ranar nan ba, na ce sai gobe. Gobe ta zo, na ga ya sake yi. Muddin ina zaune a rumfar, Baba ba ya ƙara wa kowa ko ƙwaya sai ya waiwayo ya ga na gyaɗa kai. Na jure kwana huɗu. Daga nan na daina zuwa rumfar.